Mai Walda da Sunan Ubansa

Mai waldar da ke bakin kasuwa, daura da masu sayar da katako, mutum ne mara yawan magana. Ƙofofi da tagogi yake haɗawa, aikinsa kuma ba ya ɓallewa. Amma tsofaffin unguwa ba su manta sunan da yara suka laƙaba masa tun yana firamare ba: Ɗan Fursuna. Yana da shekara bakwai ubansa ya yi tatil da giya, ya maka wa abokin aikinsa ƙarfe a ka, mutumin ya mutu nan take. Aka yanke wa uban ɗaurin rai da rai. Uwar ba ta yi shekara biyu ba ta rasu, sai goggonsa, yayar uban, ta ɗauke shi ta riƙe.

Da ya girma ya cire sunan uban daga takardunsa, ya sa na mijin goggo. Ko sau ɗaya bai taka gidan yari ba. Ya yi aure, amma shekara biyar yana lallaɓa matarsa a jinkirta haihuwa, ba tare da ya faɗa mata dalili ba. Dalilin kuwa, shi ma yana da zuciya. Ran da wani direba ya zage shi a kan ƙofar mota, sai kawai ya tsinci guduma a hannunsa, a sama. Ya ajiye ta, ya ce a ransa jinin ubansa ne, bai kamata ya zuba wa wani ba.

Da idanun goggo suka mutu, kullum da safe kafin ya buɗe shago yakan zauna bakin gadonta ya karanta mata Maganar Allah daga Littafi Mai Tsarki. Wata rana suka iso inda aka jera kakanni, wane ya haifi wane, shafi guda cur. Ya nemi ya tsallake, ta ce ita ba sauri take ba. Ya yi ta tuntuɓe da sunayen, tana dariya, wai har sunayen mutane ma walda yake musu, yana manna biyu su zama ɗaya. Amma tana yi tana tsayar da shi. Wannan, in ji ta, ya yaudari mahaifinsa makaho. Wancan sarki ya ƙwace matar wani, ya sa aka kashe mijin. Duk da haka alkawarin Allah bai yanke a kansu ba, ya yi ta ratsawa har ya kai ga Mai Ceto.

Ba a yi wata guda ba labari biyu suka same shi. Matarsa ta ce tana da ciki. Sannan takarda ta zo daga gidan yari, an yi wa ubansa afuwa saboda tsufa da ciwon ƙirji, ana neman wanda zai sa hannu ya karɓe shi. Mai walda ya ce shi ba shi da uba. Kwana uku goggo ta ci gaba da sauraron karatunsa kamar kullum. A na huɗu, da ya buɗe littafin, ta dafa hannunsa.

“Allah bai goge sunan mai kisan kai daga jerin nan ba, ɗana. Ni kuma ubanka ƙanena ne. Ka kawo mini shi in taɓa fuskarsa.”

Ya tafi ba don yana so ba. Aka fito masa da wani ɗan tsamurarren tsoho, ba haƙora, yana rungume da leda. Tsohon bai gane shi ba, har ya rusuna ya ce masa ranka ya daɗe. Mai walda ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya share ɗakin baya da yake tara guntayen ƙarfe, ya shimfiɗa masa katifa. Matarsa ce ke kai masa shayi da magani, goggo kuma ta wuni a wurinsa suna tuna iyayensu. Shi dai mai walda gaisuwa ce kawai daga bakin ƙofa, bakinsa ya kasa furta Baba. Sau ɗaya tsohon ya roƙa a kai shi shago. Ya zauna kan benci yana tari, ya daɗe yana kallon wata ƙofa da aka jingine, sannan ya ce a hankali kusurwar sama ta ɗan karkace. Mai walda ya ɗauko ma'auni ya gwada. Ta karkace ɗin.

Saura wata biyu matar ta haihu tsohon ya rasu. Mai walda ne ya ba da sanarwa a coci, a gaban jama'a ya ce mahaifinsa ne. Mutane kaɗan suka je maƙabarta. Can nesa, gindin wata bishiya, wani magidanci ya tsaya har aka gama rufe kabarin. Wata tsohuwa ta raɗa wa mai walda cewa ɗan mutumin da ubansa ya kashe ne. Ya nufe shi zai gaishe shi, amma kafin ya isa mutumin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Har yau mai walda bai san abin da ya kawo mutumin ba.