Waƙar da Dada ta ajiye wa ɗan farinta

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gida a Dutsin-Ma, ni da mahaifina Baffa, muka nufi tasha. Za mu Tamawa ta ƙasar Kurfi wajen Dada, mahaifiyarsa, wadda aka aiko cewa jikin tsufa ya kwantar da ita. Dubiya ce, amma ba zan ɓoye muku ba, ni da biyu na tafi.

Masu bibiyata sun san karatun da nake fama da shi a jami'a, wato yadda adabin Ibrananci na zamani ya ginu. Abokaina har tsiya suke yi mini, wai Bafulatanin da bai iya gaisuwa da Fulatanci ba ya je yana tonon harshen Yahudawa. Ba su yi ƙarya ba. Abin da ya kama ni a karatun shi ne, harshen nan ya daɗe a wuraren ibada da cikin littattafai, ba a ciniki da shi, ba a lallashin yaro da shi. Da marubutansu suka tashi mayar da shi bakin mutane, har waƙoƙin reno sai da suka zauna suka tsara wa iyaye mata. Ina cikin rubuta babin kundina a kan wannan na tuna cewa mu ma muna da tamu waƙar renon, tana bakin tsohuwa guda, kuma in ta tafi ta tafi da ita. Ga shi matata ta haifa mana 'ya mace, babu mai yi mata.

Motar Kurfi ta cika maƙil, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da buhun taki a ƙarƙashin ƙafata. Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ɗora laifin a kan mai, fasinjoji suka ɗora a kan direba. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai, ko'ina kore shar. A shingayen jami'an tsaro kowa kan yi tsit, in an wuce hira ta dawo. Baffa dai carbinsa kawai yake ja.

A Kurfi muka karya da koko da ƙosai a bakin kasuwa. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko azumi yake yi, ta ce in tambayi masu wake. Baffa ya sayi goro da sabulu da man zafi, ya miƙo mini ledar ya ce ni zan ba ta. Haka yake yi tun ina yaro. Shi ne ɗan farin Dada, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna tana son sa. Ana yaye shi aka kai shi wajen kawunsa a Dutsin-Ma, ya tashi da Hausa zalla. A nan Fulatanci ya yanke a gidanmu.

'Yan acaba suka ƙarasa da mu, muna kewaye taɓo. Da muka isa, Baffa ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe kamar baƙo ne, ya koma can gindin dalbejiya ya zauna. Ni kuwa na faɗa ɗakin.

"Maigidana ya zo hannu rabbana?" in ji ta, don haka take tsokanata. Na ajiye ledar. Ta shafa man zafin, ta san wanda ya saya, ba ta tambaya ba. Ta rame ƙwarai.

Bayan an dama mini fura na fito da waya, na roƙe ta ta yi mini waƙar da take yi wa yara in naɗa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina ɗiyar taka?"

Na ce tana gida, hanya ba daɗi.

"To mi zan yi ma ƙarhe? Kuka shikai? Waƙar reno sai da ɗa."

Duk karatuna ban yi wannan tunanin ba. Na mayar da wayar aljihu, na tabbata na yi zuwan banza. Can ta ce, "Wanda ya kawo ka, rana ta cim mai. Ce mai ya dawo inuwar ɗaki."

Dalbejiyar nan inuwarta ta fi ta ɗakin sau goma, amma na je na faɗa. Baffa ya jawo tabarmarsa ya jingina da bangon ɗakin daga waje, daidai inda gadonta yake. Dada ta juya mini baya, ta fuskanci bango, ta fara waƙa da wata siririyar murya mai rawa. Da Fulatanci take yi, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane ba ni ake yi wa ba. Ta yi ta maimaitawa tana bubbuga katifa a hankali, yadda ake bubbuga bayan jariri. Na leƙa ta ƙofa, na ga dattijo mai furfura ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Tausayinsu ya kama ni su biyun, ni ma na yi kukana. Wayar ko tunawa da ita ban yi ba.

La'asar sakaliya muka kamo hanya don kada dare ya yi mana. Har muka iso Dutsin-Ma ina cizon yatsa a kan abin da ban naɗa ba.

Muna shiga gida muka tarar jaririyar na tsala kuka. Baffa, wanda ban taɓa ganin ya ɗauki jariri ba, ya ce, "Miƙo ta nan." Ya ɗora ta a kafaɗa ya soma waƙar. Rabin kalmomin ya haɗiye su, sauran ma ban san ko daidai ya faɗa ba, amma muryar ita ce.

Na je neman abin sawa a babi, na dawo da abin da malamaina suka yi ta faɗa ban gane ba: harshe a kunnen yaro yake rayuwa. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, da jaririyar za mu koma, kuma Baffa ya riga ya ce da shi za a tafi.