Hancin da Bai Yi Gumi a Madubi Ba

Ranar Litinin ta farko bayan hutun damina, shekarar da na shiga aji uku a lakwal ɗin Kiyeshe, wani majo, ma'aikacin asibiti, ya zo daga Dogon Dutsi duba lafiyarmu. Aka jera mu a gindin bedi. Yakan kara ɗan madubi ƙarƙashin hancin yaro, ya ce ya rufe baki ya huro iska. Kowa sai gumi biyu su fito a madubin kamar ƙwayar gurjiya. Da aka zo kaina, na hura har idona ya kawo ruwa. Dama ta yi ɗan ɗigo, hagu ko alama. Majo ya ce wa malaminmu, "Ɗiyar ga da baki take rayuwa. A kai ta Yamai."

Baba ya ce sai an cire amfanin gona. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, maganar ta bi ruwa. Abin da ya rage shi ne sunan da yara suka laƙaba mini: Hangama. A dandali ba a sa ni gaɗa, don kafin a kai amshi na biyu numfashina ya ƙare. Sai in zauna bayan rumbu ina carafke ni kaɗai, ina jiyo tafinsu. Wurin daka, in na ɗaga taɓarya sau goma sai na tsaya haki. Tuwo ya sha ƙonewa a gabana ban ji ƙauri ba, har maƙwabta su leƙo ta darni. Wasu suka ce iska ce ta zauna mini a hanci, aka yi ta hayaƙi. Inna ce kaɗai ba ta gaji ba. Duk safiya takan tsinko zaren auduga ta riƙe a ƙofar hancina, ta zuba ido. "Yau ya motsa kaɗan," take cewa, ko da bai motsa ba.

Sai da na haifi huɗu har suka girma na je Yamai, babbar 'yata ce ta kai ni. A asibiti suka rufe mini fuska da wata roba, suka liƙa siririn tiyo a hanci ɗaya, na'ura tana zana yadda iska ke fama kafin ta wuce. Likita ya nuna mini layin hagu kwance, ya ce guringuntsin tsakiya ne ya karkace. Aikin tiyatar da aka yi mini bai kai awa biyu ba.

Yanzu ina jin ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari, ina gane daddawa tun daga zaure. Jikokina kan cusa fuska a zanena su ce ina ƙanshin Kaka. Inna ta rasu shekara shida kafin aikin. Har yau ban san ƙanshinta ba.