Zamfira, Wadda Ta Ƙi Rubuta "Marayu"

Tun kafin a buɗe shagunan bakin gada, Zamfira Cojocaru ta riga ta sayi burodinta ta cusa a jakar cefane tare da tabarau. Ba ta hawa mota. Ta cikin kasuwa take bi, ta tsaya wajen masu kabeji da cuku ta ji abin da ke damun gari, sannan ta hau benen jaridarmu tana haki. Tebur ɗaya muka daɗe muna zama a kai, don haka na san halinta. Duk jimlar da ta rubuta sai ta karanta ta a fili, a hankali. In ta ji ba za ta iya faɗa wa mai labarin ita ido da ido ba, sai ta soke. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa zan faɗi abin da ita ba za ta taɓa faɗa ba.

Shekaru da yawa da suka wuce, gidan renon yaran da ke bayan tashar jirgin ƙasa kowa ya san da shi, amma ba mai leƙawa. An tura Zamfira ne kawai ta ɗauko labarin rabon barguna. Shugaban gidan ya buɗe mata ɗakin jarirai yana murmushi, yana kiranta Doamna, wato uwargida.

"Kin ji shiru, Doamna? Yaranmu akwai natsuwa."

Ta tsaya ta duba gadajen ɗaya bayan ɗaya. Washegari ta rubuta: "Jariran ɗakin nan idonsu biyu, amma ba sa kuka. Sun gwada, ba wanda ya zo, suka daina." Ba ta ƙara "abin tausayi" ba, ba ta zagi kowa ba. Na ga matan kasuwa suna miƙa wa juna jaridar.

Editanmu, Nea Tudose, ya so a buga kanun "Gidan Azaba" da hoton wata yarinya tsirara. Ta ƙi.

"Yaran nan za su girma su karanta, Nea Tudose. Kada su tarar mun mai da su abin kallo."

Labarin ne ya kawo mana Anghelina, wata mai ɗinki a masaƙa. Tarin fuka ya kwantar da ita a asibiti, ba ta da wanda zai riƙe mata 'yarta Ilinca, sai ta kai ta gidan na ɗan lokaci. Da ta warke ta je ɗauka, aka ce an sama wa yarinyar iyali a ƙasar waje, wai marainiya ce da aka yasar.

"Ga ni da raina," in ji ta, tana murza gefen kallabinta. "Ta yaya 'yata ta zama marainiya?"

Zamfira ta shafe watanni tana bin ƙauyuka. Ta samu wasu iyaye mata masu irin wannan labari, da wata ma'aikaciyar jinya da ta gaji da shiru, da direban da ke kai yara bakin iyaka. Ranar da ta ajiye rubutun gaban edita, ya karanta ya cire tabarau.

"Zamfira, wannan 'an sayar' ɗin kotu za ta kai mu. Sa 'an miƙa su ga wasu iyalai.' Haka hukuma ke faɗa."

"Ai shi ya sa ba zan faɗa ba. In ka ba da kaza ka karɓi kuɗi, ya ake kiransa a kasuwa?"

"Ke dai sai kin rufe mana jarida za ki huta."

"Jaridar da rabinta tallan taya ne? Ba wanda zai yi kewarta."

Ya yi dariyar dole, ya sa hannu. Aka buga da "an sayar". Kalmar "marayu" kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba. "'Ya'yan masu rai" ta kira su.

Ta biya farashin wannan kalma. An maka ta a kotu, mijinta ya rasa aikinsa a ƙaramar hukuma, wasu maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta don ta zubar wa gari mutunci. Amma shari'ar da aka so a rufe mata baki da ita, nan iyayen suka samu wurin magana. An tsige shugaban gidan, an ɗaure dillalin da ke haɗa cinikin yaran. An gano wasu yaran. Da yawa har yau ba labarinsu, kuma Zamfira ba ta yarda a ce ta yi nasara.

Ilinca, wadda aka gano daga baya, ta zo bara, mace cikakkiya, ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshen uwarta. A kicin ɗin Zamfira suka haɗu. Anghelina ta tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, ta zuba wa 'yarta, suka zauna riƙe da hannun juna. Na raɗa wa Zamfira cewa wannan labarin shafin farko ne.

"Wannan nasu ne," ta ce, ta jawo ni waje ta rufe ƙofa.

Tanti Zamfira, innarmu a aikin nan, ke ce kika koya mana cewa mai laifi yakan fara ɓuya a cikin kalma mai laushi, kuma aikinmu mu fito da shi. Ke ce mai kiran abu da sunansa, kuma ke kika san inda alƙalami ya kamata ya tsaya. Mun gode, a madadin iyayen da kika mayar wa sunansu na iyaye.

Ku kuma masu shigowa aikin nan, in jami'i ya miƙo muku kalma, kada ku yi saurin bugawa. Ku je ku nemi uwar, ku faɗa mata ita a fuska, ku ga ko za ku iya.