Zabin Dajin Baba Mai Masauki

Jiya a kasuwar Kusada na ji kukan zabo cikin kwando, sai na tsaya cak, na manta abin da na zo saye. Baba ne ya faɗo mani a rai, dattijon da ke sauke baƙi a gidansa a bayan Mawashi.

Wata damina aikin malamin gona ya kai ni can, na kwana biyu a ɗakin baƙinsa. Ɗakin yana ƙamshin sabon daɓe, gero ya kewaye gidan ta ko'ina. Da safe akan kawo wa baƙo kunun tsamiya da ƙosai, amma sai zabin daji sun fito daga gona sun cinye hatsin da Baba ke watsa masu.

Ranar farko yunwa ta dame ni, na tafa hannu, suka watse.

"Ɗana, kai kwana biyu za ka yi," in ji shi. "Su kuwa nan na iske su."

Sannan ya miƙo mani kunu. Washegari ba su zo ba. Na baro shi zaune da ƙwaryar gero a cinya.

Da ya rasu na je gaisuwa, na tambaya. Matarsa ta ce zabin sun dawo bayan sati guda. Ɗansa ya ce ba a sake ganinsu ba. Har yau ban san wa zan gaskata ba, ban kuma san ko ya yafe mani ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa a masaukin da ya sauka ba a bar shi yana jira ba.