Ƙofar da Na Rage

Shekarar da gulbi ya ci rabin ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, ni ne sarkin samari. Lokacin Turawa na can suna yaƙinsu. Ɗakunan tsofaffi sun zube, ga sanyi tafe. Na bi gida-gida ina kiran gayya, kowa sai ya ce bayansa na ciwo. Ciwon baya, a bakin ƙartin da ba su da zance sai kokawa!

Sai na kafa doka: duk wanda bai kwaɓa ƙasa da safe ba, makaɗi ba zai kira shi fage da la'asar ba. Kai, zo ka ga aiki! Masu ciwon baya sunka warke rana guda. Ɗaki bayan ɗaki munka tayar.

Aminina ya fi kowa, a laka da a fage. Dogo ne, kullum shina buga goshi a ƙofar mutane muna yi masa dariya. Shi kaɗai uwarsa ta haifa. Nata ɗakin ma ya faɗi, suna cikin zana, amma ya ce a bar shi ƙarshe kada a ce ya yi son kai.

Wata ran kasuwa wani baƙo mai babbar riga ya zauna kallon wasa. Ya kira ni ya ce, "Sarkin samari, wa ya fi ƙarfi cikin yaranka?"

Ni da bakina da ba ya rufuwa, kaina ya kumbura. Na nuna aminina da yatsa. "Ranka ya daɗe, wancan dogon. Ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba."

Ashe baƙon mai nema wa Turawa ƙarti ne, maigari kuwa ya daɗe shina yi musu rantsuwa cewa namu duk sun tafi cin rani. Ni kuwa na tara su fage guda, har da kiɗa. Bayan kwana uku anka zo ɗiban masu haƙar kuza a Jos, aikin tilas. Aminina anka fara kira.

Da za su tafi ya ce mini, "Ɗakin Inna dai."

Na ce, "Za ni gama shi, da ƙofa tsawonka."

Na sa makaɗi ya buga, ba wanda ya fito. Iyaye sun ɓoye 'ya'yansu, ban kuwa ga laifinsu ba. Ni kaɗai na gina ɗakin, ya ɗan karkace. Ban ƙarasa da wuri ba, sai da waɗansu sunka dawo daga Jos suna tari, sunka ce sanyin duwatsu ya kashe aminina. Wallahi har yau ina jin haushin yatsan nan nawa.

Ranar da na kai Inna ɗakin, ta tsaya ta ɗaga kai tana duban ƙofar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Amma rage ƙofar nan, iska za ta dame ni. Ni gajera ce."

Na koma na kwaɓa ƙasa, na rage ta.