Robar da Injin Ke Zaune a Kai

Matso kusa ka ji, don har yau ana cewa wai sa'a na ci. Maigidana ya sayi tsohuwar akori-kura, da ita yake ɗauko kifi daga Youpwé zuwa New Bell. Ba a jima ba ta fara karkarwa, totur kuma ko da yatsan ƙafa aka taɓa shi sai ta zabura. Makanikin layinmu ya ce injin ya gama yawo, a sayar da ita kawai. Ita ce abincinmu fa!

Ni ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba, amma na tsufa ina markaɗe a tsakar gida. Daga kicin na ji ƙarar motar, na fito na ce wa makanikin, "Malam, injin nan lafiyarsa lau. Robar da yake zaune a kai ce ta cinye, haka injin markaɗena yake yi."

Makanikin ya kwashe da dariya. "Madame, mota ba tattasai ba ce."

Na ce, "To ɗana, buɗe gabanta, maigida ya sa giya ya taka totur, kai ka sa ido."

Maigida na takawa sai injin ya ɗaga gefe guda, ya finciko wayar totur da kansa. Ashe robar ta rabe biyu. Aka canza ta, mota ta nutsu, ba mu sayar ba. Makanikin ya ce wai dama yana zargin robar.

Kai faɗa mini, kunne ma sai an kai shi makarantar lekol kafin ya ji?