Anti Rekiya, Za Mu Je Kuchigoro

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Rekiya Nababa a wani asibiti a nan Abuja, bayan jinyar kwana tara. Da la'asar muka raka ta makwancinta a maƙabartar Gudu. Ta bar miji da 'ya'ya huɗu. Ta kuma bar mu, ma'aikatan shirye-shiryen rana na gidajen talabijin, da duk muke ce mata Anti, har da waɗanda suka girme ta.

Anti, ni ne Zaid, sakataren kwamitinki, wanda kika rasu yana fushi da ke a kan abin da ke ce mai gaskiya. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da kika gina.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shirin rana ragowar aiki ne. Duk shirin da ake ji da shi, bayan labaran yamma ake sa shi. Manya suna cewa da rana wa ke kallo? Ke kuwa kika ce su je su tambayi tela da mai kitso, da mai jego, da majinyacin da ke kwance yana jiran likita. Da wannan hujja kika kafa Lambar Hantsi, bikin shekara-shekara na karrama shirye-shiryen rana da masu fitowa a cikinsu. Kika kafa masa sharuɗɗa uku: da tsakar rana za a yi shi, kowace shekara sai ya tashi ya koma wata unguwar, kuma masu kallo ne alƙalai. Ana jera kwanoni, kowanne da hoton ɗan takara a jikinsa, mutum ya zo ya jefa ƙuri'arsa.

Shekarar farko a Karshi, ranar kasuwa, da ƙwayar masara aka yi zaɓen. Ke ce kika kawo shawarar, kina ta alfahari da ita. Muna can muna sauraron jawabinki, ashe kajin wani mai shago sun samu hanya ta ƙarƙashin tebur, kuma kafin a ankara sun cinye rabin ƙuri'un gwarzon ɗan wasa. Ni na ɗora hannu a ka. Ke kuwa dariya kika yi har da hawaye, kika ce a sake zaɓen, tun da kaji ba su da rajista. Daga ranar aka koma tsakuwa, kwanonin kuma suka tare a bayan motarki, suna ƙara duk inda kika shiga rami.

Ba zan manta da Ɗanjuma ba, wanda ya shekara uku yana fitowa a matsayin mugun mai gidan haya a wasan ƙarfe ɗaya. Ya iya aikinsa har ya zame masa bala'i, don matan kasuwar Karu sun daina sayar masa da tumatir. Ya zo ofishinki zai ajiye aiki. Ba ki ba shi haƙuri ba. Sai kika kai bikin wannan shekarar Karu, kika ƙara kwano guda na mugun da aka fi jin haushi, kika hau da shi dandali riƙe da hannunsa, tare da matarsa da ta shaida cewa a gida shi ne mai wanke-wanke. Kwanonsa ya cika ya zuba. Yau Ɗanjuma in ya shiga kasuwar har gyara ake yi masa.

To, bana layi ya zo kan Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira daga arewa maso gabas suke zaune. Akwai wata rumfa a can mai talabijin ɗaya da ke aiki da hasken rana, kuma wata mata 'yar Gwoza, Magdalena, ita ke riƙe da makullinta. Tun a watan Yuli kika yi musu alkawari. Sai ga wani kamfani ya yi mana tayin babban zauren otal a Maitama, da sanyin na'ura da jan kafet, a kuma nuna bikin kai tsaye. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. A gaban kowa na ce miki mun gaji da karɓar lambar yabo muna gumi, bikin nan ya wuce kwano da tsakuwa. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Zaid, maigadin otal ɗin zai bar Magdalena ta shiga da silifa?" Na nemi a ɗaga hannu, muka kayar da ke, biyar da biyu.

Ba ki yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Mako uku ban kira ki ba. Da na ji kin kwanta, kullum sai in ce gobe. Ranar da na je, ta takwas, kin riga kin daina gane mutane.

Ranar sadakar uku ina zaune a ƙofar gidanki sai ga Magdalena da mata biyar, sun sauko daga Keke Napep da bokitin fenti. Bayan ta yi gaisuwa ta tura shi gabana. Tsakuwa ce fal, wankakkiya.

Ta ce, "Oga Zaid, Anti ya ce December za ku zo. Mun wanke dutse tun tuni. Yanzu da ya mutu, za ku zo kuwa?"

A nan na gane ba ki taɓa gaya musu an sauya wuri ba. Ko nauyin faɗa kika ji, ko kuwa kin san halin ƙanenki Zaid, kina jira ya huce ya dawo hanya, ban sani ba. Na ce mata za mu zo.

Washegari na kira kwamiti, babu wanda ya ja. Da hannuna na rubuta wa kamfanin takardar godiya da ban haƙuri. Ranar Asabar, sha uku ga Disamba, ƙarfe goma sha biyu na rana, Lambar Hantsi za ta sauka a gaban rumfar Magdalena, in Allah Ya kai mu. Mijinki Alhaji ya ce mini ke ba kya riƙon mutum, na kuma yarda da shi. Amma daga bakinki na so in ji, ni kuma da kaina na bar ranar ta wuce. Ki yafe mini, Anti.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Rekiya, Ka yafe kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya ta a inuwarKa ranar da babu wata inuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Alhaji Nababa, da babbar 'yarta Rukayyat da ƙannenta, da 'yan'uwa da abokan aiki, da matan Kuchigoro da suka yi rashin uwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.